"To, Oga": abin da na koya a reshenmu na Gombe

Shekara shida na yi a reshen Gombe na wani babban kamfani mai rarraba kayan masarufi, su sabulu da man girki da madara, wanda hedikwatarsa ke Legas. Ba zan kama suna ba, don har gobe akwai abokaina da ke cin abinci a wurin.

Tun ban yi wata uku ba na gane cewa mutanen hedikwata ba ruwansu da taswira. An taɓa turo mana jadawalin ziyarar wani babban darakta: ƙarfe tara zai gana da dillalai a Gombe, goma da rabi kuma ya yi wa na Bauchi jawabi a wajen Wunti. Tafiyar kilomita wajen 150 ce fa, ga ramuka, ga shingayen jami'an tsaro, ga tirelolin da za ka bi a baya tun daga Alkaleri kana ta salati. Ina jin labari suka samu cewa sai a 1996 aka cire Gombe daga jihar Bauchi, suka ɗauka katanga kawai aka ja a tsakani. Manajanmu ya karanta takardar, ya gyaɗa kai, ya amsa musu cewa komai ya yi daidai. Darakta bai isa Bauchi ba sai da aka yi la'asar, ya tarar da kujerun haya da lemon da ya huce. Wa aka ba takardar tuhuma? Direba.

Sai kuma maganar na'urar dangwala yatsa, wadda har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. An kawo ta ne don a kama masu makara. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Umarni ya zo cewa kada a tayar da janareta sai ƙarfe goma. Ita kuwa na'ura ƙarfe takwas take son yatsanka, kuma ba ta aiki sai da wuta, NEPA kuwa sai ta ga dama. A wannan wata duk ofis muka zama makararru, har da mai gadin da a nan yake kwana. Aka zaftare mana alawus. Da muka yi kuka, sai aka kafa kwamiti, kwamiti ya yi zama uku ta Zoom, biyu daga ciki ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya, muna jin huɗuba daga nesa muna kallon allon kwamfuta. Abin da aka cimma shi ne a sayo littafi, kowa ya riƙa sa hannu cewa ya zo dangwala yatsa bai samu wuta ba. Wato littafin da aka jefar don a kawo na'urar.

A lokacin jinina na tafasa, kowane mitin sai na ɗaga hannu. Wata rana dattijon da ke riƙe da sito, wanda ya ga zuwan manaja biyar da tafiyarsu, ya ja ni gefe.

"Ɗana, kana wahalar da bakinka. In sun yi magana ka ce to."

"Baba, ko da abin ba zai yiwu ba?"

"Ai 'to' ba ta nufin za a yi. Na ji kawai take nufi."

Na ɗauki shawarar, na kuwa samu lafiya. Rahotanninmu suka yi kyau, Legas ta daina kira. Abin da ban lura ba shi ne, da irin wannan "to" ɗin aka aika darakta Bauchi: kowa ya san jadawalin ba zai yiwu ba, kowa ya yi shiru, daga masinja har manaja. In ba a faɗa wa na sama gaskiya, ta ina zai san hanyar Dukku ba titin Ikeja ba ce? Laifinsu ne da suka sa faɗin gaskiya ya zama abin tsoro, amma mu ma mun ji daɗin shirun.

Ban gane zurfin abin ba sai da aka ƙara mini girma, aka ba ni kula da lodi. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da ranar Gombe ke dafa ƙwai a kan bodin mota. Ni kuma, don rahotona ya isa Legas da lissafi mai zafi-zafi, na ba da umarni a riƙa loda motoci ƙarfe ɗaya na rana. Leburori suka haɗa baki: "To, Oga." Kullum ƙarfe ɗaya da rabi takarda na kan teburina, an gama tsaf. Har na fara yabon kaina a gaban mai ɗakina.

Ana saura kwana uku salla na yi sammako don ɗaukar wani fayil da na manta. Gari bai gama wayewa ba, sai ga motoci huɗu cike maƙil, an ɗaure tamfol, leburori na kwance a inuwar darbejiya. Ashe tun ranar farko daga sallar asuba suke lodinsu cikin sanyi, takardar ce kawai ke jiran ƙarfe ɗaya.

Baba na zaune a ƙofar sito da carbi a hannu. Na ce, "Baba, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ya ce, "Ka tambaya?"

Na ce daga yau duk wanda ya ga na kauce ya faɗa mini a gaban idona, ba zan riƙe shi a zuci ba. Ya dube ni, ya ja carbinsa ɗaya, ya ce, "To, Oga."