Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Aikin Duba-gari

A makon jiya na tsaya a dawowata daga karatun digiri na biyu, sai wasu suka ce na yi tsalle, ban faɗi komai kan shekarun koyarwa ba. Babu abin faɗa ne. Aji, jarrabawa, yajin aiki, haihuwar Abba da Ummi. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a wuya daga wancan zamanin, har yau ban haɗiye ta ba.

Ranar da na gabatar da ƙudurin bincikena na digirin digirgir, na ce zan bi waken kasuwa in auna ragowar maganin ƙwarin da ke jikinsa. Wani babban farfesa, Allah ya jiƙansa, ba zan kama suna ba, ya zare tabarau ya ce, "Malama, ai wannan aikin duba-gari ne. Jami'a fa kika zo." Ɗakin ya ɗauki dariya, har da waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya.

Ni kuwa a gidan hatsi na tashi. Inna Ladi da toka da busasshen barkono take ajiye wakenta a tulu, ta liƙe bakin da laka. Kawu Sule da ya fara tara buhuna yana jiran tsada, toka ba ta isarsa, sai ya koma fiya-fiya. Na taɓa yi masa magana ina budurwa, ya ce, "Ke 'yar boko, kin taɓa ganin matar da ta sayi wake mai huji?" Inna tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." A lokacin na ɗauka ƙanenta take karewa. Da mu masu zuwa kasuwa take, mu da muke ture mudun da ƙwaro ya taɓa mu zaɓi mai sheƙi.

Sinadarin da ke yawancin fiya-fiya sunansa dichlorvos. Aikinsa ya hana jijiyoyi hutawa, a jikin ƙwaro ko a jikin mutum. Wanda ya ci da yawa sai yawu ya yi ta zuba, ga amai, ga gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi nauyi. A ƙauye in gida guda suka kwanta bayan cin wake da shinkafa, sai a ce sammu ne ko gamo, a nufi wajen mai magani, alhali allurar atropine ce ake buƙata da gaggawa. Ni abin da ya fi damuna ma ɗan kaɗan ɗin da ake ci kullum a ƙosai da alale, wanda ba ya kwantar da kowa ranar.

Na yi binciken dai. Na'urarmu ta lalace, da albashina na riƙa aika samfur Kudu ana auna mini. Baban Abba bai taɓa cewa uffan ba, Allah ya saka masa.

Sai ga 2015. Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, saboda dichlorvos ɗin nan. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo, aka samu wanda ya kai 4.6. A 2016 suka ƙara wa'adin da shekara uku. Nan da nan aka fara kirana taro, ana sa ni a babban tebur, waɗanda suka yi dariya suna neman in sa sunansu a takarda. Aikin duba-gari ya zama na manya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, sai da Bature ya ƙi ci muka yarda akwai guba. Buhunan da ba su tsallaka ba, cikin wa suka shiga?

Na manta ban faɗa ba, kafin wannan na je Maraɗi na ga yadda manoma ke amfani da buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara gwada dabararsa a arewacin Kamaru. Leda biyu ce mai kauri a cikin buhu, a ɗaure kowace da kyau, ƙwaro ya rasa iska ya mutu, babu ko ɗigon magani. Da na dawo na kai wa Inna ɗaya, lokacin idonta ya fara rauni. Ta shafa ta ce, "To ai tuluna ne, kun dai yi masa riga."

Kawu Sule ya karɓi buhunan, amma bai bar fiya-fiya gaba ɗaya ba. Ya ce buhun da tsada, kuma in ɓera ya huda shi an yi asara. Da na matsa masa, maganar Inna ya mayar mini, ta ɓera da daddawa, ita kuma lokacin ta rasu, babu mai raba mu. Mun yi shekara ba ma gaisuwar kirki, sai a bikin Ummi Yaya Hadiza ta haɗa mu a ɗaki ta rufe ƙofa.

Farfesan bai kai 2015 ba. Na so a ce ya kai.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga maganar ƙuli-ƙuli da gubar aflatoxin, da yadda matan unguwarmu suka daina ba ni tayin gyaɗa.