Lasisi na ba da manhaja, ba ya ba da suna

Masu rubuta manhaja da yawa a nan Kaduna sukan ɗora aikinsu a GitHub, shafin ajiye rubutun manhaja a intanet, su manna masa lasisin MIT ko Apache, su ɗauka magana ta ƙare. Lasisin nan rubutun manhajar kaɗai ya shafa: kowa na iya kwafa, ya gyara, har ya sayar. Suna da tambari dokarsu daban ce. Sashe na 6 na lasisin Apache 2.0 ya faɗa ƙarara cewa bai ba kowa izinin amfani da alamar kasuwancin mai aikin ba.

A 2011 masu raya manhajar Hudson suka saɓa da kamfanin Oracle a kan sunan. Manhajar ta bi su, sunan ya tsaya a hannun Oracle, dole suka koma kiran ta Jenkins. Firefox ma, manhajar shiga intanet, sai da ya bar sunayen Phoenix da Firebird kafin ya samu sunansa a 2004, don wasu sun riga shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe a wurinmu shi ne takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba ta kare sunan manhaja, haka ma sayen adireshin intanet na .ng. Alamar kasuwanci a ofishin rajistar da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja ake yin ta. A fara da bincike ko wani ya riga ya kama sunan. Sai a zaɓi rukuni: na 9 na manhajar da ake saukewa ne, na 42 na wadda ake amfani da ita ta intanet. In an karɓa za a buga a mujallar ofishin, mai ƙorafi yana da wata 2. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa shekara 14, kuma iyakarta Najeriya.

Kada a sa wa manhajar lissafin shago suna "Lissafi" ko "Kaduna". Sunan da ke bayyana aikin kaya, ko sunan gari, da wuya a yi masa rajista.

Sai tambayar da abokai ke jin nauyin yi wa juna: da sunan wa za a yi rajistar? In da sunan mutum ɗaya ne, ranar da aka ɓata, da sunan manhajar zai tafi. Gara kamfani ko ƙungiya mai rajista ta riƙe. A kuma ajiye gajeren fayil cikin ma'ajiyar aikin mai cewa wanda ya rarraba manhajar yadda take yana iya barin sunan, wanda ya sauya ta kuwa ya cire tambarin ya raɗa nasa.