Abin da tukunyar Sanders ta koyar game da suyar kaza

Duk wanda ya daɗe a kicin ɗin sayar da soyayyar kaza ya san cewa mutane sun fi damuwa da sirrin kayan yaji, alhali aikin yana wajen wuta da lokaci. Tarihin KFC, kamfanin soyayyar kaza na Amurka, ma haka ya nuna. Harland Sanders, wanda ya kafa shi, ya fara ciyar da matafiya a gidan mai da ke Corbin, jihar Kentucky ta Amurka, a 1930. Matsalarsa ita ce suyar kasko tana cin kusan rabin awa, matafiyi kuma ba ya jira. Sai ya koma soya kazar a tukunya mai rufe tururi, ya rage lokacin sosai. Haɗin kayan ƙamshi 11 da ake ta magana a kai ya kammala a 1940. Reshen KFC na farko, wanda wani ɗan kasuwa Pete Harman ya mallaka, ya buɗe a jihar Utah a 1952, bokitin takarda da ake zuba kazar a ciki ya fito a 1957, Sanders kuma ya sayar da kamfanin a 1964 kan dala miliyan 2.

Tukunyar ce ta fi ba ni darasi. Idan an rufe ta, tururin da ke fita daga naman yana tara matsi, ruwan jikin kazar ba ya saurin ƙafewa, sai ta nuna har ƙashi ba ta bushe ba. Shi ya sa ɓawon kazar KFC mai suna Original Recipe, wadda ake soyawa a tukunyar, yake da ɗan taushi, na ɗaya nau'in mai suna Extra Crispy kuwa, da ake soyawa a buɗaɗɗen mai bayan an shafa masa fulawa sau biyu, yake garas-garas. Kada dai kowa ya gwada zuba mai a tukunyar matsi ta gida. Ba don haka aka ƙera ta ba, kuma tana iya fashewa.

A buɗaɗɗiyar suya, zafin mai ya tsaya wajen digiri 175 a ma'aunin Celsius. Aka cika kwando da yawa, zafin ya faɗi, fulawa ta sha mai ta yi nauyi. Wuta ta wuce kima, waje ya ƙone ciki da jini. Cinya ta fi ƙirji jinkirin nuna, fiffike ya fi su sauri, don haka a raba su. Ido ba ya isa: a soka ma'aunin zafi a wuri mafi kauri ba tare da taɓa ƙashi ba, sai ya kai digiri 74.

Abu biyu ake yawan rainawa. Fulawar da ta jiƙe ta dunƙule dole a tankaɗe ta a kai a kai, in ba haka ba ɓawo ya riƙa zubewa. Mai kuma a tace shi kullum, domin ɓurɓushin da ya ƙone a ƙasa shi ke kawo ɗaci da baƙin launi. Kazar da ta fito, a ɗora ta kan raga ta tsane. Aka rufe ta da zafinta, tururi ya tausasa ɓawon cikin 'yan mintuna.