Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Daga Toronto Zuwa Ƙasar Alkama

A makon jiya mun tsaya a inda na sauka Toronto, riƙe da takardar shiga jami'a a Saskatun, wani birni a lardin Saskacewan na Kanada, don karatun kimiyyar ƙasar noma. An ba ni shawarar in ƙarasa ta jirgin sama, amma na zaɓi jirgin ƙasa na VIA Rail. Ɗan manomi ne ni, hankalina ba ya kwanciya da wuri sai na ga irin turɓayarsa.

Kewayen Toronto gonaki ne shar, ga shanu ga masara. Ba mu yi wani nisa arewa ba sai gonakin suka ɗauke ɗif. Fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ya fara bayyana, ja-ja da toka-toka, sumul kamar bayan dutsen Kwatarkwashi, sai dai shi a kwance yake. A wasu wuraren fasa shi aka yi aka shimfiɗa layin dogo, har kana ganin sawun ramukan nakiya a jikinsa. Bishiyoyi sirara sun cusa saiwa cikin tsagar dutse, tafki na bin tafki. Muka kwana muka tashi, abin bai sake ba.

Wannan yanki shi suke kira Garkuwar Kanada, kuma ya cinye kusan rabin ƙasar da faɗinta ya doshi murabba'in kilomita miliyan 10. Duwatsunsa na cikin mafiya tsufa a duniya. Ƙanƙara ce mai kaurin kilomita 2 zuwa 3 ta danne shi shekaru aru-aru, ta kankare ƙasar noman ta yi kudu da ita, da ta narke ramukan da ta bari suka cika da ruwa. Arzikinsa na ƙarƙashi, kamar ma'adinin nikel na Sadbari. Gaskiya abin ya taɓa ni: ga ruwa har ya yi yawa, babu inda za a kafa garma.

Dab da Winifeg dutsen ya ƙare kamar an yanke da wuƙa. Fili ya buɗe har iyakar gani, ƙasa baƙa wuluk. Gindin wani tsohon tafki ne, Agasiz, wanda laka ta kwanta a cikinsa kafin ya janye. Daga nan har Saskacewan, lardin da ke da kusan kashi 40 cikin 100 na gonakin Kanada, alkama ce da kanola (tsiron da ake matse man girki daga irinsa), da dogayen rumbunan hatsi a bakin layin dogo.

Da na isa na kira gida. Mahaifina bai tambayi sanyi ba, cewa ya yi, "Ƙasar tasu jigawa ce ko fadama?"

Na ce, "Baba, wadda na baro dutse ce zalla, wadda na tarar kuwa ko taki ba ka zuba ba za ta ba ka."

Ya ce to in buɗe ido in koyo yadda suke riƙe ta.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo labarin hunturuna na farko a bakin kogin Saskacewan ta Kudu.