Kafin ka sayi inji, ƙirga kwanakin hanya

Ƙannena masu shirin kafa ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Challawa ko Dakata, abin da ya cinye jarin da yawa daga cikinmu, har da ni, shi ne mun iya lissafin kuɗi amma mun manta da lissafin kwanaki. Mukan zauna da biro mu fitar da farashin ɗanyen kaya, kuɗin wuta da albashin yara, riba ta fito sarai a takarda. Babu wanda ya rubuta kwana nawa naira take yi daga ranar da ta bar asusu zuwa ranar da za ta dawo. Zan yi misali da sana'ar roba, bokiti da kujera da leda, don ita na sani, amma mai sabulu da mai takalmi za su ga kansu a ciki.

A ce injinka yana cin tan ɗaya na ƙwayar roba a rana, buhu 40 ke nan masu kilo 25. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar wajen tan 25, abincin wata guda na aiki. Idan daga Asiya kake sayowa, ka ware sati biyu na buɗe Form M (takardar neman izinin shigo da kaya) a banki da biyan kuɗi, sati biyar zuwa bakwai a teku, sati biyu zuwa uku a tashar ruwan Apapa ko Tin Can a Legas, sannan hanyar Kano, kwana huɗu in an yi sa'a, goma in mota ta yi gardama. Wata uku sun tafi kafin buhun farko ya shiga sito. Ka sarrafa, ka kai Ƙofar Wambai, dillali ya karɓa ya ce sai ya sayar, wani watan ya tafi. Ma'ana, in kana so inji ya riƙa juyawa ba yankewa, kana buƙatar kuɗin kwantena huɗu a lokaci guda: ɗaya a sito, ɗaya a hanya, ɗaya a teku, ɗaya a hannun masu bashi. Mai kuɗin kwantena ɗaya wata guda yake aiki, ya yi wata uku yana biyan haya da maigadi, ƙwararrun yaransa kuma su koma wajen maƙwabci. Mu mun zuba kusan dukan jari a inji da gini. Kada inji da gini su ci fiye da rabin abin da ke hannunka, ko da hakan na nufin ka fara da ƙaramin inji na hannu.

Dala kuma tana motsi a cikin waɗannan watannin. A watan Mayun 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500, kuma harajin kwastam yana bin ta a baya. Duk wanda ya sayar da bokitinsa a kan farashin da ya sayo ƙwaya ya ga riba a littafi, da ya je sabon oda kuɗin bai kai rabin kwantena ba. Ka sa farashi a kan abin da za ka kashe ka maye gurbin buhun a yau.

A tashar ruwa, takarda ce ke kashe mutum. Form M kafin a loda kaya a jirgi ake buɗe shi, PAAR kuma, wato takardar kimanta haraji ta kwastam, ya kamata ya fito kafin jirgi ya iso. Sunan kaya, nauyinsu da lambar rukuninsu ta kwastam su zama iri ɗaya a rasit, a takardar lodin jirgi da kuma Form M. Harafi ɗaya ya saɓa, kwantena ta zauna, kwanakin rangwamen da kamfanin jirgi ya bayar su ƙare, kuɗin jinkiri da kuɗin ajiya su fara hawa kullum. Kwanakin rangwamen nan ana cinikinsu tun lokacin oda, ka nemi a ƙara maka ka ce Kano kaya za su. Ejan ɗin da zai fito maka da kaya kuwa, ka biya harajin da kanka ta banki ka riƙe shaidar, shi ka ba shi ladan aikinsa kawai.

Akwai kuma kuɗin ajiyar kwantena da kamfanin jirgi ke riƙewa har sai ka mayar masa da ita. In ta hau Kano, sai ta koma Legas wayam, kuma kowace rana a kanka take. Shi ya sa sau da yawa ya fi sauƙi a juye buhunan a Legas cikin tirela mai bodi, a mayar da kwantenar a ranar. Sharaɗin shi ne mutuminka yana tsaye ana ƙirga. Tashoshin tsandauri na Kaduna da ta Dala a Zawaciki da ta Funtuwa, waɗanda aka buɗe a 2018 da 2023 da 2024, an yi su ne don rage wannan wahalar, amma sai an rubuta sunan tashar a takardar lodin jirgi tun daga can. Kafin ka yi haka, tambayi wanda ya shigo da kaya ta nan a cikin watan da kake ciki kwana nawa ya ɗauke shi.

Yanzu mota, inda muka fi yin asara da ganganci. Mukan bi ɗan kamasho mu nemi tirela mafi araha, alhali araha a nan tana da dalili. Daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita dubu. Tirela da cikakken lodi, a lissafin da muke yi, tana cin lita ɗaya ta gas a kilomita biyu zuwa biyu da rabi, wato lita 450 zuwa 550 a hawa ɗaya. Ka ninka da farashin lita na ranar, ka ƙara kuɗin abincin direba da yaron mota, na ƙungiya, na shingaye da na takardun jihohi. In farashin da aka ba ka ya yi kusa da wannan jimlar, direban zai cike giɓin ta wata hanya: ya ɗora kayan wani a kan naka har tan 30 ya koma 40, ko ya tsaya a Ilorin kwana biyu yana jiran ƙarin lodi, ko ya kira ka daga Tafa ya ce gas ya ƙare sai ka turo. Lodin da ya wuce kima shi ke fasa taya ya karya sifirin, kuma shi ke hana birki kamawa a gangara.

Kafin a ɗora buhu ɗaya, ka zagaya motar da idonka. Babbar tirela taya 22 gare ta. Duba ko akwai wadda waya ta fito, ko wadda aka sake yanka mata zane da wuƙa don ta yi kamar sabuwa, kuma safaya biyu su kasance da iska. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko baƙin mai na ɗiga. A sa direba ya tayar, ka saurari tiyon birki ko yana huci. A shimfiɗa tamfol a rana, ka shiga ƙarƙashinsa, duk inda haske ya ratso ruwa ma zai ratso, kuma jiƙaƙƙiyar ƙwaya tana fitar da bokiti mai zane-zane da kumfa. Ka duba daɓen bodin, ƙusa ɗaya a tsaye tana iya farke buhu goma kafin Jebba. Ɗauki hoton lambar mota, lasin direba da takardun motar, ka karɓi lambar mai motar kansa. Ɗan kamasho da zarar ya karɓi nasa, wayarsa ta daina shiga.

Biya kashi biyu: wajen 70 cikin ɗari a lodi, ragowar bayan an sauke an ƙirga. A rubuta a wayabil adadin buhu, ranar tashi, da abin da za a yi in mota ta lalace, misali in ta wuce kwana biyu a tsaye a juye kaya a wata motar, kuma a faɗi wanda zai biya. Ka yi inshorar kayan da ke kan hanya da sunanka. Inshorar da ke manne a gilashin tirela ba ta san da buhunanka ba, mu sai bayan mota ta kife muka gane haka.

Hanyar ma a yi maganarta tun a gareji. Daga Mokwa akwai mai bi ta Tegina da Birnin Gwari, gajeriya ce amma matsalar tsaro ta sa da yawa sun koma bi ta Bida, Lambata da Suleja, wasu kuma tun daga kudu suke ɗaukar Lokoja. Da damina ka ƙara kwanaki a lissafi. Gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa ta karye a 2017, ambaliyar Mokwa ta Mayun 2025 ma ta yanke hanya, duk lokacin da haka ta faru motoci kan yi layi na kwanaki. Lokacin kaka kuwa ana samun sauƙin ciniki, domin direba ya san in ya sauke maka zai samu lodin komawa a Dawanau, riɗi ko zoɓo ko wake. In kai ka haɗa shi da mai lodin komawar, kana da bakin neman ragi.

Duk wannan ya sa na ce ku fara duba abin da ake samu a gida. Indorama a Eleme, kusa da Fatakwal, ta daɗe tana yin ƙwayar roba, matatar Dangote ma ta fara fitar da nau'in ƙwayar da ake kira PP (polypropylene) a 2025. Farashinsu yana bin dala, kada ka sa ran araha. Ribarka a kwanaki take: wata uku ya koma sati ɗaya ko biyu, kuɗin kwantena huɗu ya koma na tirela ɗaya da rabi. In daga Fatakwal motar za ta taso, a bincika ko har yanzu ana zaman gida na dole na ranar Litinin da aka fara a yankin kudu maso gabas a 2021, in ana yi a tsara kada ranar ta same ta a can. Kuma ka riƙe masu sayarwa biyu, ko da na biyun buhu ɗari kawai kake ɗauka a wajensa, don ranar da na farko ya tsaya gyara kana da ƙofar da aka san fuskarka. Kafin ka canza ƙwaya, gwada buhu biyar tukuna. Ta hura leda daban, ta zubin kujera daban, ko a nau'i ɗaya ma lambar narkewa tana bambanta, in ba ta dace ba sai mazubi ya ƙi cika ko ƙafar kujera ta riƙa karyewa. Niƙaƙƙiyar robar da ake samu ta hannun 'yan jari-bola tana rufa asiri a baƙaƙen kaya, amma a wanke ta, a busar, a ratsa ta kan maganaɗisu, ƙarfe ɗaya ya isa ya cinye sukurun inji. Ba a sa ta a mazubin abinci.

Wuta ma ɗanyen kaya ce. Tun Afrilun 2024 masu layin Band A, rukunin da aka fi ba wuta, suka koma biyan sama da naira 200 a kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma yawancin Arewa ta yi kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layuka. Janareto mai kVA 100 yana shan lita 15 zuwa 20 a awa in yana ɗauke da kaya. Ka raba wannan a kan adadin bokitin da kake fitarwa a awa, ka san farashin bokitin janareto da na bokitin Nepa. In wuta ta ɗauke roba tana cikin inji, daskarewa take yi, sai an sake ɗumamawa kusan awa guda, abin da ya fara fitowa kuma shara ne.

Kullum za ku ji ana jawabin farfaɗo da masaƙu. Masaƙar Kaduna ta KTL ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL, ita ma a Kaduna, ta bi baya a 2007. Wajen 2010 gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta Bankin Masana'antu don auduga da masaƙu, amma Kakuri, unguwar masaƙun Kaduna, bai dawo yadda yake ba. A ganina rance yana sayen inji, amma bai kawo wuta da baƙin man tukunya ba, bai gyara irin auduga ba, bai hana atamfar fasa-ƙwauri shiga Kantin Kwari ba. Bututun iskar gas na AKK (Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano) da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 zai canza lissafin Kano ranar da gas ya iso ƙofar masana'anta, amma kada ka ci bashi a kansa kafin ka ga wutar tana ci. Haka kasuwar ƙetare: rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sun bar masu dogaro da 'yan Maraɗi da Damagaram da sito cike da kaya. Kada abokan ciniki na tsallaken iyaka su wuce kashi ɗaya cikin uku na cinikinka, kuma bashinsu ya zama gajere.

Ranar da za ka yi odar inji, ka haɗa da akwatin kayan gyara a kwantena ɗaya: hita na kowane zango guda biyu, wayar auna zafi, robobin hana yoyon mai, kwantakta, fiyus da bel. Ba su kai komai ba a kuɗin injin, amma in guda ta ƙone babu ita a Kano, sai an jira sati ɗaya ko biyu ta jirgin sama daga Guangzhou. In kuma ta ƙone a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, lokacin da masana'antun Sin ke rufewa don bikin sabuwar shekararsu, ka ƙara wasu sati biyu ko uku a kai.