'Yan aji shida da maganar JAMB

Duk shekara idan lokacin cike JAMB ya zo sai ka ga yara sun cika cibiyoyin rajista a Bauchi, rabinsu ba su ma san kwas ɗin da suke so ba, abokinsa ya ce likitanci shi ma likitanci. To ai ba haka ake yi ba.

Abin da nake fara tambayar ƙannena shi ne NIN, domin sai da shi ake samun lambar da ake sayen fom da ita, kuma layin wayar da aka yi amfani da shi ya zama na yaron ne ko na gidansu, ba na mai shagon kwamfuta ba, saboda duk saƙon da zai biyo baya can zai je. Sunan da ke NIN ya zo daidai da na WAEC ko NECO, harafi ɗaya ya bambanta wallahi sai an sha zirga-zirga.

Sai darussa huɗu, Turanci dole, sauran ukun kwas ne ke zaɓa maka. Mai son likitanci fizis, kemistiri da bayoloji, ba ruwan kowa da wanda ka fi iyawa.

Kuma don Allah iyaye a daina raina foliteknik da kwalejin ilimi. Kowa jami'ar ATBU ko jami'ar Gadau, alhali foliteknik ta Tatari Ali na nan, kwalejin ilimi ta Azare na nan. Bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito a ɗora shi a shafin JAMB, a riƙa leƙa CAPS, wato sashen shafin JAMB da ake ganin gurbin karatu, don idan gurbi ya fito sai yaro ya karɓa da kansa kafin ya tabbata.