Kafin ka kawo hamsta gida a Sakkwato

Yanzu yara na gani a TikTok suna damun iyaye sai an sayo musu hamsta, wannan ɗan ɓeran mai kumatu da ke cusa abinci a baki har fuskarshi ta kumbura. Ni ban hana ba, amma fa kafin ka biya kuɗin dabba ka fara duba ɗakin da za ta zauna, don nan garin zafi ne babbar matsalar.

Irin da aka fi kiwo asalinshi daga wajen Halab ne a Siriya, a 1930 aka kamo su, kuma ko can cikin rami suke ɓuya lokacin zafin rana. Yanayin da ke musu daɗi bai wuce digiri 18 zuwa 24 ba, mu kuwa watan Afrilu da Mayu sai mu haura 40, to ka ga in ka aje keji ɗaki mai rufin kwano aka ɗauke wuta da rana tsaka wallahi kafin la'asar ka iske shi kwance. Nemi ɗakin da ya fi sanyi, ƙasa-ƙasa nesa da taga, ka sa mashi fasasshen tulu ko guntun tayil ya kwanta kai, in zafi ya yi tsanani gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tsumma a jingina jikin kejin.

Waɗannan ƙananan keji masu kala-kala kyan gani ne kawai. Babbar roba mai faɗi ta fi, ka yanke murfin ka ɗaura waya mai ƙananan ramuka don iska, kuma don mussa. Ƙasan a zuba yagaggen tishu mara ƙamshi da kauri, kamar taƙi ɗaya, ya samu na tona. Garin katako na wurin kafinta kar ka soma, ƙurar na kama musu ƙirji. Ga yashi kuma na wanka, a tankaɗe a soya a kasko ya huce, don ba a yi musu wanka da ruwa. Wilin gudu, wato 'yar tayar da yake shiga yana gudu tana juyawa, ya zama babba mara ramuka.

Ɗaya ake ajewa, biyu faɗa za su yi har jini. Gero, dawa, 'ya'yan kabewa da ɗan karas sun yi, albasa dai duk arharta a kasuwarmu ba tashi ba ce, tafarnuwa ma haka. Kuma a gaya wa yaran tun wuri shekara 2 zuwa 3 yake yi, da rana kuma barci yake, su daina tada shi.